Jagorar Kamun Karfasa da Fatsa, Daga Ɗaurin Ƙugiya Zuwa Kaskon Suya

Bakin karfasa ƙarami ne, idonta kuwa yana da kaifi, kuma duk wata dabarar kamunta da fatsa daga waɗannan abubuwa biyu ta samo asali. Wanda ya je bakin ruwa da ƙugiyar tarwaɗa da igiya mai kauri zai wuni kifi yana tsattsage masa tana yana bar masa ƙarfe, daga bisani ya naɗe kayansa ya ce yau ba a fito da sa'a ba. Alhali karfasa, wadda a wasu wurare ake kira gargaza, tana cikin kifayen da suka fi yawa a ruwayenmu, tun daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 a kan kogin Kano, da ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye, har zuwa tafkin Kainji, da fadamun Haɗeja da Nguru, da kududdufan bayan gari waɗanda ba sa ƙafewa da rani. Kifi ce da ta yi daidai da faɗin kasko, kuma wanda ya iya kamunta ba zai rasa na miya ba.

Sanin halin kifin kafin sayen kaya

Sunan ɗaya ne a kasuwa, amma a cikin ruwa iri uku ne aka fi cin karo da su. Akwai karfasar kogin Nilu, wadda ake ganewa da zane-zanen da suka ratsa jelarta, ita ce ta fi girma kuma ita ce ake kiwo a tafkunan siminti da na ƙasa. Akwai mai jan ciki, wadda take cin ganyen ruwa, take share gurbi a ƙasan ruwa mara zurfi ta yi ƙwai, mace da namiji su tsaya gadi, kuma ita ce ta fi saurin kai wa tana cafka. Ta ukun fara-fara ce mai ƙanƙanen baki, abincinta ƙananan halittun da suke sa ruwa ya yi kore, saboda haka ba kasafai take kula ƙugiya ba, galibi sai a raga ake samunta.

Dukkansu masu son ɗumi ne. Sun fi cin abinci idan zafin ruwa ya kai digiri 27 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, idan kuwa ya sauka ƙasa da 20 sai cinsu ya ja baya ƙwarai. Wannan ne ya sa fatsar asuba a watan Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, wahala ce kawai. A irin wannan lokaci gara ka bari sai rana ta take, tsakanin azahar da la'asar, sa'ad da gefen ruwa ya ɗan yi ɗumi. Da bazara da farkon damina kuwa akasin haka ne, domin cin ya fi kyau daga fitowar rana zuwa hantsi, sannan daga la'asar sakaliya zuwa magariba.

Haɗa fatsar

Sanda ba ta buƙatar tsada. Busasshiyar gora miƙaƙƙiya mai tsawon mita 3 zuwa 4, wadda bakinta yake da laushi yana lanƙwasa ba tare da ya karye ba, ta wadatar. Akwai ta kanti mai shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, tana da sauƙin ɗauka a babur, kuma idan da hali ita ma tana da kyau. Wadda ake maƙala wa kwarkwaron naɗe zare tana da amfani ga mai son jifa nesa, amma a ganina mai koyo bai kamata ya fara da ita ba, domin karfasa a gefe take kiwo, kuma lokacin da zai ɓata wajen warware zaren da ya cukurkuɗe ya isa ya kama biyar.

Zare shi ne wurin da aka fi yin kuskure. Ka nemi na roba mai garai-garai, mai kaurin milimita 0.18 zuwa 0.22, wanda yake ɗaukar nauyin kilo 2 zuwa 3. Ana rubuta waɗannan lambobi a jikin faifan da aka naɗe shi. Mai shago zai iya nuna maka mai kauri ya ce ya fi ƙwari, gaskiya ya faɗa, sai dai kifi yana ganinsa, kuma taurinsa yana hana abincin da ke kan ƙugiya ya yi lilo kamar abin da ya faɗo ruwa da kansa. Ka yanki zaren daidai tsawon sandar, ko ya ɗan gaza kaɗan, ta yadda idan ka ɗaga sanda kifin zai zo hannunka kai tsaye. Wajen ɗaurewa kada ka tsaya a bakin gora kaɗai: ka fara ɗaure zaren kamu ɗaya ƙasa da baki, ka naɗo shi zuwa sama, sannan ka sake ƙulle shi a bakin, domin ko da babbar tarwaɗa ta karya tsinin ba za ta tafi da komai ba.

Lambar ƙugiya a juye take, wato gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya. Ga karfasa mai faɗin tafin hannu, lamba 10 ko 12 ita ce daidai, lamba 8 kuma sai inda ka tabbatar akwai manya. Ƙugiyoyin Mustad na ƙasar Norway sun daɗe a hannun masunta, amma kowace iri ka saya ka gwada kaifinta a kan farcen babban yatsa. Idan ta zame ba ta kama ba, ta dakushe, ka goga ta a dutse ko ka jefar.

Ɗaurin ƙugiya mai ido haka yake: ka zura zaren cikin idon ka bar jela kamar tsawon yatsa, ka murɗa jelar a jikin babban zaren sau biyar ko shida, ka komo da ita ta cikin ɗan ramin da ya samu dab da idon, sannan ka sake zura ta cikin babban zoben da ka yi yanzu. Kafin ka ja, ka jiƙa ƙullin da miyau, domin zaren roba idan ya gogi kansa a bushe yana yin zafi ya raunana a daidai wurin. Ka ja a hankali har ƙullin ya zauna, ka yanke abin da ya rage. Wasu ƙugiyoyin ba su da ido, kansu a daddale yake. Su ana shimfiɗa zaren ne a jikin ƙarfen a yi zobe, a naɗe ƙarfe da zare tare sau shida ko bakwai, a zura jelar cikin zoben a ja, kuma a tabbatar zaren ya fito ta cikin lanƙwasar ƙugiyar, ba ta bayanta ba.

Sama da ƙugiya da kamar santimita 15 zuwa 20 ake matse 'yar dalma ɗaya ko biyu masu girman ƙwayar dawa. Da filaya za ka matse ta. Na sha ganin yara suna matsewa da haƙori, kuma duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa ƙananan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai bar ɗansa ya sa ta a baki ba.

Saura abin da yake shawagi a saman ruwa yana nuna maka cin kifi. Ana sayar da na roba masu launi, ana kuma yankar tsohon silifas, amma wanda na fi yarda da shi ita ce totuwar karan dawa, saboda haka totuwa zan riƙa kiransa. Wani dattijo ne ya nuna mini a bakin Tiga, ranar da na zo da wata ƙwallon roba ja mai girman lemun tsami ina ta zuba ido ba ta motsi. Ya karɓi fatsar ya jujjuya, bai ce komai ba, ya tsinko guntun kara a gefen gona, ya ɓare shi da farce, ya yanki totuwar daidai tsawon ɗan yatsansa, ya tsaga ta kaɗan ya maƙala zaren, ya ɗaure da zaren buhu. Da ya jefa sai ta tsaya a tsaye, kashi biyu cikin uku a nitse, tsininta kaɗai a waje. Bayanin da ya yi mini daga baya shi ne, kifin da ya tsotsi tana ya ji abu yana ja masa daga sama tofarwa yake yi nan take, ƙwallona kuwa sai an yi kokawa kafin a nitsar da ita. Ka ƙara ko ka rage dalma har totuwarka ta zauna haka. Aibinta ɗaya, tana shan ruwa ta yi nauyi bayan sa'a ɗaya ko biyu, don haka ka tafi da guda uku ko huɗu, ko ka shafe ta da narkakken kyandir.

Abin da za a sa wa ƙugiya

Tana ce kan gaba. Ana tono ta a ƙasa mai laima, kamar bakin lambu, ko gindin ayaba, ko inda ruwan wanke-wanke yake kwanciya, a zuba ta a gwangwani mai huji tare da damshin ƙasar da aka same ta, a ajiye a inuwa. Kada ka sa ta dungum. Ka gutsuri kamar tsawon gaɓar yatsa, ka zura ta a jikin ƙugiya har ta rufe ƙarfen, ka bar ɗan wutsiya kaɗan yana motsi. Idan wutsiyar ta yi tsawo, ƙananan kifaye za su riƙa ja suna gudu, kai kuma kana fizgar iska.

Na biyu shi ne ƙullu. Ka tuƙa garin masara ya yi tauri fiye da tuwon ci, ka murje shi da dakakken ƙuli-ƙuli da ɗan fulawa har ya daina manne wa hannu, idan kuma yana saurin narkewa ka cakuɗa 'yar auduga a ciki ta riƙe shi. Girman ƙwayar wake ya isa. Karfasar Nilu ta fi amsa ƙullu da tsakiyar burodi fiye da tana, musamman a wuraren da ta saba da ragowar abinci. Da saukar ruwan farko, shinge da gara da ƙananan fara suna aiki sosai, kuma a ranar da komai ya ƙi, ka yagi gansakuka mai zare-zare daga jikin dutse ka naɗa a ƙugiya, domin abincinta ne na yau da kullum.

Wuri, zurfi da zama

Kafin ka jefa fatsa a ruwan da ba na garinku ba, ka nemi Sarkin Ruwa ko masuntan wurin ka gaishe su ka faɗi abin da ya kawo ka. Su ne suka san inda aka kafa ragar kalli da tarkon mali, da inda kada ko dorina take, da gefen da laka take haɗiye ƙafa. Manyan madatsu irin Tiga da Challawa suna ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma kusa da ƙofofin sakin ruwa ba wurin zama ba ne ko da ba a hana ba.

Karfasa ba ta son fili. Ka nemi gefen bado ko kainuwa ko burugu, ko bakin kacalla inda ta yi iyaka da buɗaɗɗen ruwa, ko itacen da ya faɗa ruwa, ko inda ƙorama take shigowa tafki. Mashayar shanu ma wuri ne mai kyau bayan garke ya tashi ruwa ya kwanta, saboda kashin dabbobi yana haɓaka abin da take ci. Idan iska tana kaɗawa, gaɓar da take turo ruwa gare ta ta fi, domin can abinci yake taruwa. A kududdufi mai kore sosai, idan ka tarar da kifaye da sassafe sun taso sama suna buɗe baki, iskar shaƙa ce ta yi ƙaranci cikin dare, kuma ba za su ci ba sai rana ta ɗaga.

Da ka zaɓi wuri sai ka auna zurfi, kuma wannan ne matakin da kusan kowa yake tsallakewa. Ka maƙala dalma mai nauyi ko dunƙulen laka a ƙugiya ka saka a inda za ka yi fatsa. Idan totuwa ta nitse, ka matsar da ita sama. Idan ta kwanta a kan ruwa, ka sauko da ita. Haka za ka yi ta yi har tsininta ya tsaya daidai fuskar ruwa. Tazarar da ke tsakaninta da ƙugiya ita ce zurfin wurin. Daga nan ka sauko da ita faɗin yatsu huɗu, domin abincin ya rataya sama da laka kaɗan. Zurfin rabin mita zuwa mita biyu shi ne inda aka fi samu. Idan minti goma sha biyar suka wuce ba motsi, ka rage zurfin da faɗin hannu ka sake gwadawa, domin garken yakan taso tsakiyar ruwa idan rana ta yi zafi, kuma sau da yawa bambancin mai kamu da mai kallo bai wuce wannan faɗin hannun ba.

Sannan ka kira kifin. Ka kwaɓa dusa da garin ƙuli-ƙuli da lakar bakin ruwan, ka dunƙula kamar girman ƙwai, ka jefa biyu ko uku a daidai inda totuwa za ta zauna. Lakar ce take kai dusar ƙasa maimakon ta watse a sama. Bayan haka sai ɗan kaɗan duk bayan minti ashirin, domin idan ka cika zubawa za su ƙoshi su bar ƙugiyarka.

Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, kuma ga karfasa maganar ba ta da ƙari. Ka zauna, kada ka tsaya a kanta, ka kuma lura kada inuwarka ko ta sandarka ta faɗa kan wurin. Farar riga mai ɗaukar ido ka bar ta a gida. Takun ƙafa mai ƙarfi da buga bokiti a ƙasa suna ratsa ruwa fiye da magana. Wajen sakawa, ka riƙe zaren sama da ƙugiya da hannun hagu, ka lilo shi gaba ka saki, ya sauka ba tare da ƙara ba.

Karanta totuwa da fizga

Rawar totuwa kaɗan-kaɗan alama ce ta ƙananan kifaye ko ta karfasa tana ɗanɗanawa, kuma wanda ya fizga a nan ya kori garke. Ka jira ɗaya daga cikin abubuwa uku: ta nitse gaba ɗaya, ko ta fara tafiya gefe a hankali, ko ta taso ta kwanta. Wannan na ukun yana ruɗa masu koyo, amma ma'anarsa kifin ya ɗauki abincin ya yi sama har ya ɗage dalmar, kuma galibi manya ne suke yin haka. Fizgar da wuyan hannu ake yi, gajeriya, kamar mai ɗaga ludayi daga tukunya. Leɓen karfasa ba ya jure fizgar kafaɗa, ko dai ya yage ko kifin ya tashi sama ya faɗa cikin ciyawa a bayanka. Kawara kuwa, wadda take yawan shiga tsakani, cafka take yi a guje, ita ba ta ba ka lokacin tunani.

Idan karfasa ta kamu za ta juya faɗin jikinta ta yi ta zagaye tana neman ciyawa. Ka ɗaga sanda, ka bar laushin gora ya gajiyar da ita, ka janye ta daga wurin da ka zuba dusa da sauri don kada ta firgita sauran. Wajen kamawa ka shafo ta daga kai zuwa baya domin ƙayoyin gadon bayanta su kwanta, sannan ka danne. Idan kurungu ne ya zo, ka yi hattara, domin ƙayoyinsa uku suna miƙewa su kulle, kuma sukarsu tana da raɗaɗi. Ka riƙe shi da tsumma. Idan ka ga kifi mai santsi, mai taushi kamar tsoka zalla, mai ɗigo-ɗigo, ba shi da ƙaya a baya, minjirya ce, mai jan mutum kamar lantarki, kada ka taɓa ta, ka yanke zaren.

Abin da ka kama ka zuba a buhun raga ko kwando mai murfi ka nitsar a gefen ruwa cikin inuwa, domin karfasar da ta mutu a rana ba ta daɗewa take sakin jiki. Waɗanda ba su kai faɗin yatsu uku ba a babban ruwa ka mayar da su. Haka idan ka ga wadda maƙogwaronta ya kumbura, ka duba bakinta: macen karfasar Nilu a baki take renon ƙwai da 'ya'ya har kusan mako biyu, kuma sakinta ya fi cinta riba. A ƙaramin kududdufi kuwa hukuncin ya sha bamban, domin karfasa tana hayayyafa har ta cika wuri ta tsumbure, kuma rage yawanta ne yake ba sauran damar girma.

Daga gaɓa ake fatsa, ba sai an shiga ruwa ba, kuma wannan kariya ce babba, domin ruwan da yake kwance mai ciyawa shi ne gidan katantanwar da take yaɗa tsargiya, wadda ƙwayarta take ratsa fata. Idan dole ne ka shiga, ka sa dogon takalmin roba. Da ka ji tsawa ka kwantar da sanda ka bar bakin ruwa, kuma ka dubi sama kafin ka ɗaga ta kusa da wayar lantarki, musamman baƙar sandar kanti, wadda lantarki yake bi ta jikinta.

Gyara da suya

Da ka isa gida ka kankare ɓamɓarokin daga jela zuwa kai da bayan wuƙa, ka yanke ƙayoyin da almakashi, ka tsaga cikin a hankali don kada maɗaciya ta fashe ta ɓata naman. Ka cire jan abin numfashin da ke ƙarƙashin kumatu, ka kuma goge baƙar fatar da ta lulluɓe cikin, domin a nan ɗaci da warin laka suke zama. Ruwan tsamiya ko lemun tsami yana kashe ƙarni. Ka tsattsaga kowane gefe sau biyu ko uku har wuƙa ta taɓa ƙashi, ka shafa gishiri da citta da tafarnuwa da barkono, ka bar shi ya tsane kafin ya shiga mai. Man ya yi zafi sosai, kuma kada ka juya kifin sai gefen farko ya yi ja ya saki kasko da kansa. Wanda ya yi saura ka tsaga shi ka yi banda a kan waya da garwashi mara harshen wuta, kana juyawa har ya bushe, ƙugiyoyin kuma ka shanya su ka soke a guntun totuwa kafin ka mayar gwangwani.